Kawu Jak Ba Ya Saukewa Sai An Ce Masa

"Ƙarfe ai mai mutunci ne," in ji Kawu Jak, yana danna auduga cikin filo da gwiwar hannu. "Ka ɗaga shi, ya yi shiru. Ba ya shaƙe maka wuya, ba ya cewa ka taɓa masa inda ke ciwo, ba ya sakar maka iska a kafaɗa sannan ya ce kai ne. Mutum fa? Jiya tsohon direban nan na bayan asibiti, ina ɗauke da shi zuwa banɗaki, yana ce mini wai in sha kwana a hankali."

Na tambaye shi ko ya sha kwanar a hankali.

"Na ce masa birki ya tsinke."

Shagon da nake gyaran waya bango ɗaya ne ya raba shi da nasa, don haka in babu aiki a bencinsa nake zama. Katifa da filo yake sayarwa. Ya ce da gangan ya zaɓi sana'ar, domin bayan ya ƙarar da ƙuruciyarsa a ƙarƙashin ƙarfe ya rantse ba zai ƙara neman abinci da abin da ya fi kaza nauyi ba. Sunan Jak kuwa tun yana saurayi aka laƙaba masa, ranar da motar ƙungiyarsu ta yi faci a hanya, aka nemi jak aka rasa, ya riƙe gefen motar har aka canja taya. Shi yana cewa bas ce maƙil da mutane. Wani tsohon abokin wasansa da ya taɓa zuwa sayen katifa ya ce mini ƙaramar mota ce, kuma duwatsu aka tura ƙarƙashinta, Kawu dai ya dafa ta yana nishi.

Amma wasan ɗaga ƙarfe ya yi shi da gaske, ba irin na samarin nan masu kallon ƙirjinsu a madubi ba. Wani kamfanin siminti ne ya ɗauke shi cikin ƙungiyarsa, ana biyansa albashi don ya ci, ya yi barci, ya ɗaga. Ya hau jirgi ya je ƙasashen da har yau bai iya faɗin sunansu daidai ba, ya dawo da lambobin yabo. Nauyin da ya ɗaga ba zan rubuta ba, domin duk ranar da ya ba da labarin sai ya ƙaru. Yanzu ya haura sittin. Wuyansa da kansa faɗinsu ɗaya, gwiwarsa ta hagu kuma in zai miƙe sai ta yi ƙara kamar tsohuwar ƙofa.

Ba da katifa unguwa ta san shi ba. Duk gidan da ke da mara lafiyar da ba ya iya tashi, Kawu ake kira. Shi zai ɗauke shi daga gado zuwa kujera, daga kujera zuwa wanka, daga bene zuwa mota ranar asibiti. Ba ya karɓar komai sai shayi, shi ma sai ya gama sha ya kushe shi. Kafin ya taɓa kowa sai ya ɗaure tsohon bel ɗinsa na fata mai faɗin tafin hannu, ya mulke tafinsa da garin alli, ya ware ƙafa, ya ja numfashi kamar mai shirin nutso. Matan gida suna ƙorafin alli a zanen gado. Yana ce musu su zaɓa, ko alli a zane ko kakansu a ƙasa.

Doka ɗaya gare shi. In ya ɗaga ka, ba zai ajiye ka ba sai kai da kanka ka ce "sauke", ko da kuwa an iso bakin gadon. Wanda ba ya iya magana ya ɗaga hannu, wanda ba ya iya ɗaga hannu ya ƙifta ido. Akwai wata tsohuwa da barci ya sace ta a hannunsa, ya tsaya da ita a tsakar ɗaki yana zazzare ido har jikarta ta tashe ta.

Dokar tana da tushe biyu. Na farko duk wanda ya zauna a bencinsa ya ji shi, ko yana so ko ba ya so. A wasan ɗaga ƙarfe, kai ƙarfen sama ba shi ne gamawa ba. Sai ka miƙe hannuwa sosai, ka jera ƙafafunka a layi ɗaya, ka tsaya cak, har alƙalin da ke gabanka ya sauke hannunsa ya ce ka sauke. In ka saki kafin nan, ko tsauni ka ɗaga ya tashi a banza, jar fitila za a kunna maka. A gasar da ta fi kowacce girma a rayuwarsa, Kawu ya kai ƙarfen sama, ya jira, ya jira, sannan ya saki. Aka kunna ja. Lambar ta tafi wuyan wani. Ba a jima ba gwiwar ta tashi, wasa ya ƙare. Kawu yana cewa atishawa ce ta maƙale wa alƙalin, ya tsaya yana lalubar hankici, ya manta da bawan Allah a ƙarƙashin ƙarfe. In ya zo nan a labarin har kwaikwayon hancin mutumin yake yi.

Na biyun sau ɗaya ya faɗa mini, wata rana da ruwan sama ya hana ciniki. Matarsa tela ce, Mai Keke yake kiranta. Lambobin yabonsa ba ta taɓa rataye su a bango ba, da su take danne yadi in za ta yanka, ta ce wannan ne kawai amfanin da ta gani a jikinsu. Sai ciwo ya kama ta a ƙashi, ya kwantar da ita tsawon lokaci. A kanta ya koyi ɗaukar mutum: inda ake saka hannu, yadda ake tallafe kai, yadda ake juya jiki ba a ja fata ba. Ita kuma ta mayar da abin tsokana. In ya kai ta bakin gado sai ta yi shiru, ta leƙa ƙasa ta ce ƙafarsa ba ta kan layi. Ya gyara. Ta ce gwiwar hannunsa tana rawa. Sai ta ga gumi ya karyo masa sannan ta ce ya sauke, tana dariya har tari ya sarƙe ta.

Ranar ƙarshe ya ɗauko ta daga mota ya shiga da ita asibiti, ya tsaya a bakin gadon da aka nuna masa. Ma'aikaciyar jinya ta ce ya kwantar da ita. Ya ce ba ita ce alƙali ba. Ya leƙa ƙafarsa ya gyara, ya miƙe gwiwar hannu, yana jira. Sai da ƙanwar Mai Keke ta zo ta dafa bayansa ta ce, "Yaya, sauke ta."

Da Kawu ya zo nan a labarin, sai ya mayar da ido kan ruwan da ke zuba. Can ya ce, "Ka ga ita ma ta cuce ni, kamar wancan mai atishawar." Ya miƙe ya shiga jawo katifu daga bakin ƙofa, alhali feshin bai kai gare su ba.

To, ranar da muke hirar tsohon direba, muna cikin dariya sai ga wata mata ta tsallako titi. Malamar makaranta ce, tana zaune a hawa na sama na benen da ke kallon shagunanmu. Ta gaishe da Kawu da ladabi, ta ce mahaifinta ne ya samu shanyewar ɓarin jiki, ta ɗauko shi ya dawo wurinta. Likita ya ce dole a riƙa kai shi gashin ƙashi a asibiti, in ba haka ba hannun dama da ƙafar za su sandare, kuma in suka sandare shi ke nan. An gwada saukowa da shi a kujera, samari biyu suka kusa kifar da shi a kwanar matakala. Tun ranar ya ce ba mai ƙara ɗaukarsa, gara ya mutu a sama a san yadda za a yi da gawar. Hannun ma ya ɓoye shi a ƙarƙashin bargo, ko gwada motsa shi ba ya yi.

Kawu ya riga ya miƙa hannu zai ɗauko bel, sai ta ce akwai abin da ya kamata ya sani. Mahaifinta tsohon alƙalin wasan ɗaga ƙarfe ne. Ya hango Kawu ta taga, ya kuma gane shi.

Kawu ya tambaye ta ko tsohon yana da dogon hanci, yana kuma yawan atishawa. Ta ce hancin dai akwai. Ban taɓa ganin farin ciki irin na ranar a fuskarsa ba.

"'Yata, kin kawo mini abin da na daɗe ina roƙo," in ji shi. "Yau mutumin nan ya shigo hannuna."

Ta ce ai matsalar ke nan. Da ta ambaci sunansa, tsohon ya ce ko kwandon ƙwai ba zai ba wannan ya riƙe ba, balle kansa, domin shi ne wanda ya yar da ƙarfe tun ba a ce masa ya sauke ba.

Abin da ya faru a sama daga bakin Kawu da na Malama na haɗa shi, kuma duk inda suka saɓa na bi Malama. Kawu ya hau, ya tarar da Alƙali a kujera kusa da taga, baki ya ɗan karkace, maganarsa tana fita a daddafe. Bai ko yi masa ya jiki ba, ya tambaye shi ko ya samu hankicin nan. Alƙali, wanda 'yarsa ke fama da shi kafin ya ce ruwa, ya buɗe baki ya ce babu wata atishawa, ƙafar hagu ce tana gaba da ta dama, kuma tana rawa kamar ta ɗan akuya sabon haihuwa. Suka yi ta yi har shayi ya huce. Da Kawu ya kawo zancen sauka, tsohon ya juya fuska ga taga.

Washegari Kawu ya koma, jibi ma haka. Ya daina zancen sauka gaba ɗaya. Ya ce tunda dai Alƙali yana ganin har yanzu idonsa na aiki, to a sake gasar. Ya jawo buhun shinkafar Malama daga kicin, ya shafa alli, ya ɗaga shi sama a tsakiyar falo. Alƙali ya sa aka miƙo masa murafen roba biyu, fari da ja, ya ajiye a cinya. Ya bar Kawu a tsaye har ya fara huci, sannan ya ɗaga jan murfi da hannun hagu. Dalili: baya ya lanƙwashe. Rana ta gaba tukunyar gas aka ɗaga, ja, numfashi ya yi ƙara da yawa. Wata rana ƙaramin firji, ja, domin ƙofar ta buɗe kwalabe sun zubo. Malama ta ce gidanta ya koma filin wasa, alli har cikin sukari, amma ta lura mahaifinta ya fara sa a tashe shi da wuri, a taje masa gemu kafin Kawu ya iso.

Ni dai na ga abin yana cin Kawu. In ya sauko daga benen sai ya zauna a benci ya riƙe gwiwa yana murzawa. Na ce masa ko a nemo keken guragu da ƙarti huɗu a gama. Ya ce ƙarti huɗu ba za su shige kwanar matakalar nan ba, ya auna ta da kafaɗarsa, mutum ɗaya take ci da abin da ya rungumo. Sannan tsohon ba tsoron faɗuwa kawai yake ji ba. Mutum ne da ya saba shi ke cewa a ɗaga, shi ke cewa a sauke, yanzu an wayi gari ana cicciɓarsa kamar kayan wanki ba mai tambayarsa. Malama kuma ta faɗa masa yatsun hannun sun fara lanƙwashewa ciki, in ta miƙar da su sai su koma.

Ranar da abin ya juya, buhun shinkafar aka koma. Kawu bai ɗaga shi sama ba. Ya tsuguna, ya zura hannu ɗaya ƙarƙashinsa, ɗaya ya tallafe inda kai zai kasance, ya miƙe da shi a ƙirji, ya zagaya falon a hankali, ya zo gaban Alƙali ya jera ƙafa ya tsaya. Tsohon ya tambaye shi a ina ya koyi wannan, domin ba a dandamali ba ne. Kawu ya ce a wurin wata alƙaliya da ta fi shi mugunta nesa ba kusa ba. Malama ta ce mahaifinta bai tambayi ko wace ce ba. Ya dai daɗe yana kallon buhun. Sannan ya ɗaga farin murfi, ya yi sauri ya ce kuskure ne, hannun hagu bai saba ba.

"Ka ba da fari, an gani," in ji Kawu. "Gobe kai ne buhun."

Da safe rabin layinmu ya taru a gindin benen, kowa yana yi kamar wani abu ya kawo shi. Mai shayi ya bar tukunya a wuta, mai faci ya zo da taya a hannu. Mota ta tsaya a bakin ƙofa, an buɗe ƙofar baya. Mun fara jin su tun ba mu gan su ba: takun Kawu, ƙarar gwiwar, da muryar Alƙali yana gyara masa tafiya. A kwanar nan suka tsaya. Na ga kafaɗar Kawu ta jingina da bango, ƙafar hagu ta nemi matakala ta rasa, ta sake nema. Malama tana bayansu ta toshe baki da hannu. Sai muka ji Alƙali ya ce, a hankali, "Numfashi tukuna. Baya a miƙe. Yanzu taka." Kawu ya taka.

Suka fito hasken rana, tsohon yana ƙanƙance ido, rigarsa duk shatin alli. Kawu ya kai shi bakin mota, ya jera ƙafa, ya tsaya. Alƙali ya leƙa ƙasa yana nazarin ƙafafun kamar mai sayen rago.

"Baba, don Allah ka ce ya sauke mana," in ji Malama.

Ya ce ta hagu tana gaba. Kawu ya ja ta baya. Gumi yana ɗiga daga haɓarsa a kan hular tsohon. Alƙali ya ƙara ja masa rai kaɗan, don kada a ce ya yi sauƙi, sannan ya ɗaga hannun hagu ya sauke.

Kawu bai motsa ba.

"Ban gani ba," ya ce. "Da na dama ka cuce ni, shi nake jira."

Malama ta ce Kawu ya rufa mata asiri, hannun ba ya aiki. Ya ce to sai su kwana a nan, shi ba ya da wurin zuwa, filo ba ya ruɓewa. Mai faci ya fara dariya, ya dubi ƙafar Kawu, ya daina. Rawa take yi sosai, har wandon yana kaɗawa. Alƙali ma ya ji ta a jikinsa. Ya kira Kawu mahaukaci, ya kira shi katako, ya ce dama tun yana yaro ba ya jin magana. Kawu ya ce duk ya yarda, a dai ba shi hannu.

Tsohon ya dubi hannunsa da ke kwance a cinya kamar na aro. Ya cije leɓe, jijiyar wuyansa ta tashi. Da farko ba abin da ya faru. Can yatsu biyu suka ɗan rabu da rigar, da ƙyar za ka zura takarda a ƙarƙashinsu, suka tsaya suna karkarwa, suka faɗi.

"Sauke, ɗan banza," in ji Alƙali.

Kawu ya sunkuya ya zaunar da shi a kujerar mota, ya tallafe kansa kada ya bugi ƙarfen ƙofa, ya ɗauki ƙafar daman ya shigar da ita, ya gyara masa hula. Malama ta juya baya tana neman wani abu a jakarta wanda ba ta samu ba. Kafin a rufe ƙofa Alƙali ya ce kada wani ya ɗauka an canja hukuncin da, ja ne, ja zai zauna. Kawu ya ce su je su dawo, akwai hawa, a nan za a san mai gaskiya.

Da motar ta tafi ya tsallako ya zube a benci, ya kwance bel, ya miƙe ƙafar yana zaginta ƙasa-ƙasa. Na kawo masa ruwa. Ya ce tsohon ko nauyin kirki ba shi da shi, duk girman kai ne. Na tambaye shi da hannun bai motsa ba fa, ya zai yi. Ya ce da mun ga yadda ake faɗuwa da alƙali cikin ladabi.

Bai gama shan ruwan ba wayarsa ta yi ƙara. Jikar tsohuwar nan mai barci ce, ta ce an haɗa ruwan wanka yana hucewa, kakar kuma ta ce ba mai taɓa ta sai mijinta mai alli. Kawu ya ce a gaya wa amarya yana tafe, kuma yau in ta mintsine shi zai kai ƙara. Ya miƙe, gwiwar ta yi ƙararta, ya mayar da bel, ya jefa ƙullin alli a aljihu.

"Ka duba mini shago," ya ce. "In an zo sayen filo kada ka ɗaga, ya fi ƙarfinka. Ka ce su jira ni."

Ya bi gefen titi yana ɗan ɗingishi, yana kaɗe farin garin daga gaban rigarsa.